Alamar da ke Ƙarƙashin Kujera

Shekara ashirin da shida ya yi a kan teburi ɗaya, kusa da wata taga da ba ta rufuwa. Sunan da iyayensa suka raɗa masa yana nan a takardar ɗaukar aiki, amma tun shekararsa ta biyu a wurin babu wanda ya ƙara kiransa da shi. Ba-Ƙusa ake ce masa, don shi kafinta ne da ba ya buga wa kujera ƙusa. Sai ya huda rami a jikin ƙafar, ya fere bakin katakon da zai shiga, ya gwada, ya cire, ya ƙara ferewa, har ya zauna cif yadda ko gashi ba zai ratsa ba, sannan ya shafa gam ya ɗaure. In ka ce masa ƙusa ta fi sauri, kallon da zai yi maka sai ka rantse iyayensa ka zaga.

Wurin aikin babban ɗaki ne mai rufin kwano, kafintoci goma sha huɗu, kowa da teburinsa. Kujeru suke yi, na cin abinci da na ofis. Injin yanka katako yana ƙuryar baya, in ya tashi sai dai a yi magana da hannu. Ofishin mai gida yana sama, ana hawa da matakalar ƙarfe, yana da tagar gilashi wadda ke kallon kan kowa. Ba albashin wata ake ba su ba. Kowane kafinta yana da alamarsa da yake zanawa da jan fensir a ƙarƙashin mazaunin kujera, ƙarshen mako akawu ya sauko ya kife kujerun ya duba. Iya alamarka, iya ladanka. Ta Ba-Ƙusa layi biyu ce a tsaye.

Wannan tsari ya yi masa daidai, kuma ba ya ɓoyewa. Yana saurayi ya yi shekara uku a wata ma'aikata inda ake biyan kowa bai ɗaya, mai gumi da mai gyangyaɗi. A can ya ga ƙato ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin tebur yana sharar barci tun hantsi, wata ya ƙare su shiga layi ɗaya su karɓi abu ɗaya. Abin ya tsaya masa a rai har ya manyanta. Shi ya sa ranar da ya zo nan aka ce masa hannunka ne zai ciyar da kai, ya ji kamar an sauke masa kaya. Da hannun nan ya yi aure, ya kama ɗaki biyu a bayan wani shagon masu facin taya, ya sa 'yan biyunsa mata a makaranta. Bai taɓa roƙon kowa ba, kuma a faɗi gaskiya bai cika tausayin mai roƙo ba.

Sai dai akwai wata al'ada a ɗakin nan da ta girme shi, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba. In kafinta ya yi ciwo ko ya ji rauni, ba ya zama a gida muddin ƙafa na ɗaukarsa. Zai zo ya zauna a teburinsa, ya riƙe wani guntun katako yana gogewa, don wanda ke sama ya ga kai a wurin. Sauran kuma su riƙa yi masa kujeru bi da bi, suna zana alamarsa maimakon tasu. Ba a yin taro a kan haka, ba a ma maganar. Baba, shugaban kafintocin, shi ke ɗaukar fensirin mara lafiyan da safe ya ajiye a teburin wanda layi ya zo kansa. Ka ga fensirin wani a teburinka, ka san yau kujera ɗaya ba taka ba ce. Doka ɗaya ce tak: ka yi kujerar yadda mai alamar yake yin tasa, kada ido ya bambance.

Ba-Ƙusa bai taɓa son al'adar ba. Shi ko zazzaɓi bai taɓa hana shi aiki ba, ga shi kuwa ya yi wa mai ciwon baya, ya yi wa mai ciwon haƙori, har ya yi wa wani da shi dai bai yarda ciwon gaske yake ba. Yakan ce wa matarsa, wadda kowa ke kira Uwar Biyu, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma bai taɓa mayar da fensir ba. Baba ya san halinsa, ya san ba zai buga ƙusa ba ko an sa masa wuƙa a wuya, don haka in layi ya zo kansa sai ya yanke katakan ya goge, Baba ya kwashe ya harhaɗa da kansa. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, asiri a rufe.

Baba kaɗai ke da albashin wata a cikinsu. Ko ya kwanta ana biyansa, kuma in ya ajiye aiki akwai ɗan abin da za a riƙa ba shi. Matsayi ɗaya ne irin wannan a wurin, kowa kuma ya san na wa zai zama. Baba da bakinsa ya sha faɗa cewa in ya tashi Ba-Ƙusa ne zai zauna, mai gida ma ya ji bai musa ba. A shekarar da ake magana Baba ya kusa saba'in, idonsa ya fara yin yana, Ba-Ƙusa kuma ya haura hamsin. Uwar Biyu har ta fara leƙa gidajen haya masu famfo a ciki in ta taso daga asibitin da take shara.

A teburi na uku daga injin akwai wani kafinta da ake kira Rediyo. Sunan bai yi ƙarya ba. Tun daga ƙofa yake fara labari, na ƙwallo, na tsadar kaya, na surukarsa, ba ya sauka sai an tashi. Aikinsa ba yabo ba fallasa, ƙusa kuwa yana zuba ta kamar kyauta ake ba shi. 'Ya'yansa biyar, ga tsohuwarsa a gidan. Alamarsa da'ira ce da ɗigo a tsakiya. Wata Talata da hantsi yana tura katako a injin, ya juya zai ƙarasa wata magana, injin ya ɗauke masa yatsu biyu na hannun dama da rabin babban yatsa. Mai gida ya kai shi asibiti a motarsa, ya biya ɗinkin, daga nan kuma ya ga ya sauke nauyinsa.

Bayan kwana tara Rediyo ya dawo da hannu a naɗe, ya zauna a teburinsa. Bai ƙara yin labari ba. Wani ya gwada tsokanarsa ya ce batir ne ya ƙare, ba wanda ya yi dariya, shi ma mai maganar kunya ta kama shi. Fensirinsa ya fara zagaye.

Ana cikin haka aka kwantar da Baba za a yi masa aikin ido, mako shida ba ya nan. Kafintocin suka ci gaba da miƙa fensirin da kansu, ya zo teburin Ba-Ƙusa, babu mai harhaɗa masa. Ya yanke, ya goge, ya ari ƙusoshi wurin maƙwabcinsa, ya ɗora ɗaya a kan katako mai kyau, ya ɗaga guduma. Ya daɗe a haka. Sai ya ajiye, ya ce a ransa wa zai kula da kujera ɗaya a cikin ɗari. Ya huda, ya fere, ya haɗa ta yadda ya saba, ya kife ta ya zana da'ira da ɗigo. Mako na zagayowa ya sake. Kafin mako shidan su cika kujeru shida suna ɗakin ajiya, aikin Ba-Ƙusa a jikinsu, alamar Rediyo a ƙarƙashinsu. Ba mugunta ta sa shi ba. Girman kai ne na mai sana'a, irin wanda mai shi ke ɗauka riƙon gaskiya ne.

Wanda ya tona abin baƙo ne, wani dattijo mai otal-otal da ya zo neman kujeru. Ya san katako, don ƙin zama a ofis ya yi, ya sa aka kai shi ɗakin ajiya yana kife kujeru ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. Kujeru masu layi biyu ba sa kwana a can, tun kafin gam ya gama bushewa ake zuwa ɗauka, don haka ko ɗaya bai gani ba. Ya ware guda shida gefe. Ya ce irin waɗannan yake so, masu yawa, kuma duk shekara, amma da sharaɗin mai wannan da'irar ne zai tsaya a kan aikin. A makon ne kuma Baba ya aiko cewa likita ya hana shi shiga ƙurar katako.

Mai gida ya aika a kira Ba-Ƙusa. Shi mai gidan ɗan wanda ya kafa wurin ne, mutum mai sanyin magana, ba ya zagi, ba ya tsawa, ba ya kuma yarda ya yi asara. Ɗaya daga cikin kujerun tana kife a kan teburinsa.

"Na san hannun da ya yi wannan," in ji shi. "Tun ina ƙarami nake ganin fensir yana yawo a ƙasan nan. Mahaifina ya gani ya kau da kai, ni ma na kau da kai. Amma abin da na hango daban, abin da aka faɗa mini daban. Ka ce taka ce, gobe ka gaji Baba. In ka faɗa kuwa, alamar ƙarya ta tabbata. Mai da'ira zai tafi, kuma daga ranar akawu ne zai riƙa tsayawa a kanku yana sa alama da hannunsa."

Ba-Ƙusa ya tambaya in bai faɗa ba fa. Mai gida ya ce to alama ta riga ta yi magana, baƙo ya nemi mai da'ira, mai da'ira zai ba shi. Shugabanci ido yake so da baki, Rediyo kuwa yana da duka biyun. Bai ɓoye ba, ya ce shi hakan ma ya fi masa, don in ya ɗaga Ba-Ƙusa daga tebur ya rasa hannun da ya fi kowane hannu a wurin.

"Yallaɓai, tunda ka sani, me ya hana ka riƙe mara lafiya da kanka? Shekara nawa muna ɗaukar maka shi?"

"Ni kujera nake saya," in ji mai gida. Ya nuna masa wani rufaffen gini a tsallaken titi, ya ce mai wancan wurin mutumin kirki ne, ya biya mai ciwo ya biya mai makoki, kasuwa ta faɗi shekara biyu a jere, yau ɓeraye ke kwana a ciki, mutum talatin suka rasa abinci rana ɗaya. Albashi ɗaya wurin nan zai iya ɗauka. Ba ƙarya ya yi ba, abin haushin ke nan, ko da yake bai ce komai ba game da sabuwar motar da ke ƙofa. Ya ba shi zuwa gobe da safe.

Da yamma ya tarar da Uwar Biyu tana wanki a bakin ƙofa, 'yan matan ba su dawo daga darasi ba. Ya zauna a kan wani kifaffen bokiti ya gaya mata duka, bai rage ba. Ta saurara hannunta cikin kumfa. Ba mace ce mai hayaniya ba, kuma matar Rediyo ƙawarta ce, ita ta kai musu abinci ranar da abin ya faru. Duk da haka ba ta yi kwana-kwana ba.

"Baban Biyu, ni nake shafa maka magani a kafaɗar nan kullum, ka hana ni gaya wa kowa. Da safe sai ka ɗaga hannun da ɗayan kafin ka sa riga. Shekara nawa kake jin ta rage maka a teburin nan? Kai ka ce mini kowa ya ci guminsa. To ga naka an ajiye maka a faranti, ka ce wani ya ci?"

Ya ce 'ya'yan mutumin biyar ne. Ta ce nasa biyu ne, su ma ba iska suke ci ba. Ya ce in ya yi magana ba Rediyo kaɗai zai tafi ba, fensirin ma ya mutu, wanda injin zai kama nan gaba sai dai ya koma gida ya zauna. Ta ce tun yaushe ya fara son fensirin. Gaskiyarta ce. Har a lokacin yana ganin wanda ya iya ya kamata ya fi wanda bai iya ba samu, kuma da za a tambaye shi wa ya cancanci gadon Baba ba zai yi kawaici ba. Abin da ya tsaya masa a wuya daban ne. Sauran duk sun bi doka, sun yi wa Rediyo kujeru irin na Rediyo. Shi kaɗai ya ƙi buga ƙusa. Da ya buga, da yanzu shi ne shugaba, Rediyo na teburinsa, fensir na yawonsa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Shi ya ja ruwan, yanzu kuma ana ce masa ya shige rumfa ya bar shi ya doki wani.

Ya kasa yi mata bayanin yadda za ta karɓa. Ita kuwa ta riga ta san abin da zai yi, zaman shekara ashirin da huɗu ba wasa ba ne. Ta matse rigar da ke hannunta ta ce Allah ya sa su tuna ranar da kafaɗar ta ƙi. Daga ranar ba ta ƙara maganar gida mai famfo ba.

Washegari ya tarar da Rediyo a bakin ƙofar wurin aiki tun kafin a buɗe. Akawu ya riga ya fesa labarin. Rediyo ya rame, naɗin hannun ya yi dauɗa. Ya ce, "Yaya, ka hau ka faɗa masa. Haƙƙinka ne, ni ban roƙe ka ba." Ya kasa haɗa ido da shi. Ba-Ƙusa ya ji haushinsa ya kama shi, haushin surutun da ya sa ya juya kai a gaban inji, da haushin wannan ladabi da ya fi roƙo nauyi. Ana buɗewa ya wuce shi ya shige.

Ya hau matakalar. A ƙasa kowa ya tsaya, ba ƙarar guduma ko ɗaya. Mai gida ya ɗago kai yana jira.

"Yallaɓai, wace alama ka gani a ƙarƙashin kujerar?"

"Da'ira."

"To ni layi biyu nake yi."

Ya sauko ya sa rigar aikinsa. Ba wanda ya yi masa godiya, don godiya ma magana ce, abin kuwa ba a maganarsa. Baba, da ya zo kwashe kayansa, ya tsaya a gefen teburin da baƙin gilashi a ido, ya ce, "Ƙusa takwas kawai, ɗana." Ya dafa shi ya tafi.

Kada a ce da zuciya ɗaya ya yi. Wata uku bai amsa gaisuwar Rediyo da fiye da kalma ɗaya ba. Kujerun otal ɗin shi ya yi mafi yawansu, a kan ladan kujera-kujera kamar kullum, Rediyo kuwa ya gaji Baba yana karɓar albashi. In ya ɗaga kai ya ga Rediyo da farar riga yana zagaye, sai ya ji ɗaci har a harshensa. Rediyo kuwa ya riƙe aikin fiye da yadda aka zata. Ya sa aka yi wa injin shinge na ƙarfe, ya iya lallashin mai saye, bakin nan da ya cuce shi ya fara yi masa rana. Wannan ma bai yi wa Ba-Ƙusa daɗi ba, ya fi so a ce ya kasa.

Aikin shugaba ne ya duba kowace kujera kafin akawu ya sauko. Rediyo yakan bi tebur-tebur yana kifewa yana girgizawa, in ya zo na Ba-Ƙusa sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Wata Asabar Ba-Ƙusa ya gaji.

"Dawo. Kife ta ka duba."

"Yaya, ni zan duba aikinka?"

"Ban bar maka wurin nan don ka ci banza ba. An ba ka aiki, yi shi."

Rediyo ya dawo. Ya kife kujerar da hannun hagu yana tallafa da gwiwa, ya bi mahaɗan da yatsun da suka rage masa, ya kama ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. A ta huɗu ya tsaya. Ya sake girgizawa. Ya dubi ƙofa, ya dubi tagar sama, kamar mai neman wanda zai karɓe shi. Sannan ya rage murya yadda na kusa ba zai ji ba.

"Ta baya, ta dama. Tana motsi, Yaya."

Ba-Ƙusa ya ture hannunsa ya kama da kansa. Tana motsi. Kaɗan ne, mai saye ba zai taɓa ji ba, amma ramin ya karkace, kuma ya san lokacin da ya karkace, ranar Alhamis da kafaɗar ta riƙe shi yana tsakiyar huda. Tun da ya fara aiki a wurin wannan ce ta farko. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya ga jini a kan inji.

Rediyo ya ce zai iya wucewa da ita, ba wanda zai sani.

"In ka wuce da ita, yanzu zan hau sama in faɗi abin da ban faɗa ba," in ji Ba-Ƙusa.

Rediyo ya ciro allinsa ya ja layi a kan mazaunin, shaidar an ƙi ta. Ya matsa tebur na gaba. Ba-Ƙusa ya jawo kujerar gabansa, ya tallafo gwiwar hannunsa na dama da na hagu ya ɗora shi kan tebur, ya fara cire ƙafar.